A wanke kafin a shafa: nasiha ga matasan Ouidi kan sarƙar babur

Ƙannena da 'ya'yana na Ouidi da maƙwabtanta, Hamdalaye da Larle da Kolog-Naba, maganar da na ɗauko yau ƙarama ce a ido, amma kunnena ne ya hana ni yin shiru a kanta. Duk wanda ya tsaya bakin kwalta da sassafe, lokacin da 'yan makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa ke kwarara zuwa tsakiyar Wagadugu, zai ji abin da nake ji. Wannan babur ya wuce sarƙarsa na dukan murfi, kacau-kacau. Wancan ya wuce tasa na kukan bushewa. Kuma yawancinsu ba tsofaffin babura ba ne. Fenti na ƙyalli, an wanke, an goge, an manna ado a gaba da baya. Mai shi ya kula da duk abin da idon mutane ke kaiwa, ya bar abin da ke ɗauke da shi.

Garin nan namu gari ne na ƙafa biyu. A Kwatano ko Lome mutum ya fito ya ɗaga hannu mai babur na haya ya tsaya masa. A nan kuwa kusan kowane gida da nasa, uwa da nata, budurwa da nata, ɗalibi da nasa. Iyayenku sun hau P50 da Yamaha waɗanda kamfanin SIFA ya riƙa harhaɗawa a Bobo-Julaso, suna riƙe guda ɗaya shekara da shekaru, domin tsada ba ta barin mutum ya yi sakaci. Daga farkon shekarun 2000 baburan Asiya suka cika kasuwa, su JC da Sanili, ga Crypton, ga Sirius, farashi ya sauka, wanda da ba ya mafarkin mallaka ya mallaka. Alheri ne, ban musa ba. Sai dai sauƙin samu ya zo da sauƙin wofintarwa.

Mu Hausawan garin nan muna da wani dalili na musamman da ya sa babur ya zame mana dole. A shekarar 2003, da aikin sake fasalin tsakiyar gari da ake kira ZACA ya rushe Zangouettin da unguwannin da ke kewaye da ita, dangi suka watsu: wasu Ouaga 2000, wasu Nioko, wasu can bakin gari. Gidan kawu da ake zuwa da ƙafa bayan la'asar ya koma tafiyar kilomita da yawa. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, gaishe da mara lafiya, duk babur ke kai mu. Zumuncinmu a yau a kan wannan 'yar sarƙa yake tafiya. Kuma ku tuna inda kuke zaune: Ouidi unguwar Ouidi Naba ce, hakimin da dawakin Mogho Naba, sarkin Mossi, ke hannunsa tun zamanin da. Mutanen da suka riƙe dawaki a wannan ƙasa ba sa hawa sai sun duba ƙafar dokin. Abin da nake roƙonku ke nan game da naku abin hawan.

Bari mu fara da sanin abin da ke hannunmu. Ka durƙusa ka kalli sarƙar da kyau. Kowace gaɓa tana da leɓuna na ƙarfe a gefe da gefe, da ƙusa da ta ratsa su, da ɗan bututu da ƙusar ke kwance a cikinsa, sannan da zobe mai juyawa a waje wanda shi ke zama tsakanin haƙora. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Hans Renold ne ya fito da wannan tsari a birnin Manchesta na Ingila a 1880, kuma har yau bai canja sosai ba. Lambar da kake gani a jikin kwali, 420 ko 428, ita ce girman sarƙar. A duka biyun, daga ƙusa zuwa ƙusa milimita 12.7 ne. Manyan babura kan yi amfani da 520. Masu Mio da ire-irenta, waɗanda bel ke ja, wannan magana ba ta shafe su ba.

To ina wahalar take? A tsakanin ƙusa da bututunta, wurin da ido ba ya gani. Duk lokacin da gaɓa ta hau faifai mai haƙora sai ta lanƙwasa, in ta sauka ta miƙe. Faifan biyu ne, ƙaramin na gaba da makanikan garin nan ke cewa pignon, da babban na baya da suke cewa couronne, don haka a zagaye ɗaya kowace gaɓa tana motsawa sau huɗu. In ka yi lissafi da ƙaramin babur mai gaɓa ɗari da 'yan kai, yana gudun kilomita 50 a awa, sarƙar na zagayawa kusan sau 160 a minti. Wato kowace ƙusa tana gogar bututunta fiye da sau 600 a minti guda, kuma da nauyinka da na wanda ka goya a kanta. Idan akwai mai mai tsabta a wurin, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Idan babu, suna cin juna. Shi ne abin da kuke cewa sarƙa ta ja ko ta saki. Ƙarfen bai miƙe ba ko kaɗan. Ƙusoshin ne suka sirance, kowace ta ba da 'yar rata, ratar gaɓa ɗari ta taru ta zama tsawo. Abin da ya cinye kuwa ba ya dawowa, ko da wane irin mai aka zuba daga baya.

Yanzu ga inda na fi so ku tsaya ku ji ni. Ku je ƙarƙashin kowace bishiya da ake gyaran babur a unguwar nan, ku zauna a benci ku kalla. Saurayi zai tsaya, ko sauka ba zai yi ba, ya ce da yaron gareji, "Ƙane, ɗan sa min mai a sarƙa." Yaron ya ɗauko tsohuwar robar ruwa da aka huda murfinta da ƙusa, cike da baƙin man da aka juye daga injin wani da safe. Ya tsiyaya shi a kan sarƙar da ta yi jawur da ƙura, man na gangarowa yana ɗiga ƙasa. Ƙarar ta ɗauke nan take. Saurayin ya miƙa dala goma ko ashirin, ya ja babur yana jin ya yi abin kirki. Ba laifin yaron ba ne, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Amma abin da ya faru a zahiri shi ne, an jiƙa ƙurar, an ba ta hanyar shiga ciki. Ƙurar hanyoyinmu cike take da yashi, yashi kuwa ya fi ƙarfe tauri, shi ya sa dutse ke wasa wuƙa. In ya haɗu da mai ya zama taɓo mai danƙo, man ya ɗauke shi ya kai shi har wurin ƙusa, ya zauna can yana gurzar ta sau 600 a minti. Ƙarar ta mutu, cutar ta ƙaru.

Wannan ne ya sa nasihar da aka rubuta don hanyoyin Turai ba ta isar mu. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura ta lulluɓe garin, da ka sauka daga kwalta ka shiga lungunan jar ƙasa sai ka ga tayar gaba tana watso ta kai tsaye kan sarƙa. Daga Yuni zuwa Satumba kuma ruwa ne da taɓo, ka ratsa kududdufi man ya wanke, gari ya waye tsatsa ta fito. Littattafan da ke zuwa da ƙananan babura kan ce a duba sarƙa a sa mata mai duk bayan kilomita 500 ko 1,000, amma su ma sukan ƙara da cewa a yawaita in ana bin ƙura ko ruwa. Mu kullum cikin ɗayan biyun muke. Ga mai zirga-zirgar yau da kullum, ni shawarata sau ɗaya a mako ne, a ware rana, kamar safiyar Lahadi ko yammacin Alhamis. Da kuma duk ranar da ka shiga ruwa.

Ga yadda ake yi. Kayan aikin ba su da yawa: kananzir kaɗan a gwangwani, tsohon burushin haƙori, tsumma biyu, kwali ko tsohon faranti da za a shimfiɗa a ƙasa, da man shafawa. In kananzir ya yi wuya, man gas ma yana yi. Fetur ne ban yarda da shi ba. Tururinsa na bin ƙasa ya sami wuta a inda ba ka zata ba, gidajenmu kuwa ga murhu ga gawayin shayi ga yara. Kuma in sarƙarka irin mai zoben roba ce a tsakanin leɓuna, wadda aka rufe maiko a cikinta tun daga masana'anta, fetur na lalata robar.

Ka ɗora babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ka sa shi a firi, ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu. Wannan ba na son a yi min gardama a kansa. Akwai masu barin inji na aiki, su sa giya, taya na juyawa, su kai tsumma kan sarƙa don a gama da wuri. Haƙori ya kama tsumman, tsumman ya ja yatsa, kafin mutum ya ce wayyo an gama. Ba a mayar da yatsan da ya shiga tsakanin sarƙa da faifai. Da hannu ake juya taya, a hankali, kuma ko da hannun ne ka nisanta yatsunka daga inda sarƙa ke hawa haƙora.

In akwai murfi ka kwance shi. Ka tsoma burushi a kananzir ka bi sarƙar a layin ƙasa, ɗan tsawo kaɗan a lokaci guda: sama, ƙasa, gefen waje, gefen ciki da ke kallon taya, wanda kowa ke mantawa. Za ka ga jan ruwa mai kauri yana zuba kan kwalin, in ka murza shi da yatsa za ka ji tsakuwa-tsakuwa. Ka juya taya, ka ci gaba, har ka dawo inda ka fara. Ka goge haƙoran babban faifai. Lokaci-lokaci ka buɗe ƙaramin murfin gaba, domin a can ne taɓon ke taruwa ya daskare, har sai an sa tsinke an ƙwaƙule. Sai ka goge da busasshen tsumma ka bar ta ta sha iska. Kananzir ɗin da ya rage a jiki zai tsinka sabon mai, don haka kada ka yi gaggawa.

Wane mai za a sa? In kana da halin sayen na feshi da aka yi musamman don sarƙa, madalla. In babu, man giya mai lamba 80 ko 90 shi ne abin da littattafan Honda da dama suka ambata, kuma kwalba guda za ta kai ka watanni. Sabon man inji yana yi in an rasa, sai dai bai da kauri, yana saurin fallatsa. Giris kuwa a waje yake tsayawa, ba ya ratsawa ciki, aikinsa kawai kama ƙura. Baƙin man juye shi ne na ƙarshe a layi: ya riga ya gaji, yana ɗauke da garin ƙarfe da dattin ƙonewa daga injin da ya fito, kuma yawan taɓa shi ba ya yi wa fata kyau. In tafiya ta kama ka a daji sarƙa ta bushe ƙayau, to ya fi babu. A gida, da zaɓi a hannunka, araha ba ta ado.

Wurin sawa ya fi yawan man muhimmanci. A cikin sarƙa ake ɗigawa, wato a saman layin ƙasa, gefen da ke taɓa haƙora, a daidai inda leɓuna suka haɗu dama da hagu. In taya ta fara gudu, juyawar na tura man daga ciki zuwa waje, ya ratsa ta inda ake bukata. Wanda ya zuba a bayan sarƙa kuwa, da ya tashi man zai tafi kan taya da ƙafar wando. Ɗigo-ɗigo, kana juya taya, zagaye ɗaya ko biyu ya isa. An fi son a yi da yamma bayan an dawo, sarƙa da ɗuminta, a bar ta ta kwana man ya shige. Da safe ka ɗauki tsumma ka goge duk abin da ke waje. Wannan gogewar ta ƙarshe ita ce sirrin aikin a ƙasa mai ƙura: ciki da mai, waje kusan a bushe. Sarƙar da ke walƙiya da mai tana kiran ƙura ne tun daga ƙofar gida.

Masu kai babur wurin wanki da injin feshin ruwa, ku ce wa mai wankin kada ya saita bakin tiyo kan sarƙa. Ƙarfin ruwan na kore mai ya tura ruwa ciki. In an riga an yi, a busar a sa mai a ranar.

Ina da magana da ku a kan murfin sarƙa. Samari da yawa na cire shi da sun sayi babur, wai ya fi kyan gani, ko don yana ƙara. In yana ƙara, sarƙar ce ta saki, ita za a gyara. Babu abin da ya dace da ƙasarmu a jikin ƙaramin babur kamar wannan murfi: yana tare ƙura da ruwa, kuma an bar masa rami mai toshiyar roba don a duba a sa mai ba sai an kwance ba. Sannan ku dubi tufafinmu. Babbar riga ranar Juma'a, zani, dogon hijabi, mayafin da iska ke kaɗawa. Gefen tufa in ya faɗa sarƙa ko tayar baya, fizgo mutum yake yi ƙasa, in mayafi ne kuma a wuya yake ja. Kai da ke goya mahaifiyarka zuwa asibitin Yalgado ko kasuwar Rood Woko, kafin ka tashi ka waiwaya ka ce, "Inna, tattara zanenki." Ke ma ƙanwata mai tuƙa naki, ki naɗe hijabin ki zauna a kansa. Kuma kada ki ce wankin sarƙa aikin maza ne. Hannun da ke tuƙi zai iya riƙe burushi.

Sai batun ɗauri. Ka sa yatsa a tsakiyar layin ƙasa ka ɗaga sama ka danna ƙasa. A yawancin ƙananan babura wasan da ake so bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Ainihin adadin na cikin littafin babur, wani lokaci ma a manne yake a jikin murfi. Sarƙa ba ta cinyewa daidai wa daida, don haka ka juya taya ka gwada wurare da dama, ka saita a inda ta fi tauri. Mutane na tsoron sakakkiyar sarƙa, kuma da gaskiyarsu, tana iya zamewa ta cije tayar baya ana tsakiyar gudu, a cikin cunkoson da babu tazarar taku biyu tsakaninka da na bayanka. Amma wadda aka ɗaure tamau ita ma ɓarna ce. In aka hau, ko aka faɗa rami, tayar baya na motsawa sarƙar ta ƙara tsukewa. In ba ta da wurin wasa sai ta ja ƙarfen da ke fitowa daga inji, ta ci boris, ta ɓata robar da ke tare mai, gyaran jika kaɗan ya koma buɗe inji. In za ka ɗaure, ka sassauta babban notin taya, ka juya ƙananan notuna biyu na baya daidai da juna, kana duba zanen da ke jikin ƙarfen hagu da dama don kada taya ta karkace. Ka mayar da babban noti ka ɗaure sosai. Daga nan ka taka birkin baya ka ji, domin matsar da taya na canja shi, kuma mutane da yawa a nan suke mantuwa.

In ka cire sarƙar gaba ɗaya don jiƙa ta a kananzir, wanda yana da kyau a yi a ƙarshen damina da ƙarshen hunturu ga sarƙar da ba ta da zoben roba, ka lura da 'yar maƙalar da ke kulle gaɓar haɗi. Rufaffen kanta ne ke fuskantar inda sarƙa ke tafiya, buɗaɗɗen bakin yana baya. In aka juya ta, wani abu na iya taɓa bakin ya fizge ta, sarƙa ta rabu biyu a hanya.

Kowace sarƙa tana da ranar ƙarewa, kulawa jinkirta ranar take yi. Ga yadda za ka gane ta zo. Ka kama sarƙar a can bayan babban faifai ka ja ta baya. In ta ɗago har ka hango rabin haƙori, ta gama. In kana da abin awo, ka ƙirga ƙusa 21 a miƙe: sabuwa milimita 254 ce, in ta kai wajen 259 a canja. Ka dubi haƙoran ma, in sun yi tsini sun karkata gefe guda, sun tafi. Gaɓar da ta ƙage ta ƙi miƙewa bayan wanki da mai, ita ma shaida ce. A wannan lokacin ne za a ce maka, "Maigida, bari a rage gaɓa biyu, za ta ƙara kai ka." Za ta ɗauru, gaskiya ne, amma ratar da ke cikin kowace gaɓa tana nan, sarƙar ba ta zama daidai a haƙora, tana hawa kansu tana ci. Haka kuma sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa. Ukun ake canjawa tare, sarƙa da faifai biyu, kuma a sayi mai kyau gwargwadon hali. Na san kuɗi ba ya zuwa da sauƙi, musamman ga ɗalibin da iyaye suka yi tanadin shekaru kafin su saya masa babur bayan ya ci jarrabawa. Don haka ne ma nake ta nanata kananzir da burushi, su ne ke nisanta ranar wannan kashe kuɗin.

Kananzir ɗin da ka yi wanki da shi kada ka zuba a kwata ko a ƙasan tsakar gida. Magudanan ruwan unguwanninmu na gangarawa ne zuwa madatsun da ke arewacin gari, inda masu lambu ke ɗiban ruwa su shayar da latas da kabejin da muke saye. Ka juye shi a kwalba ka rufe, ka rubuta a jiki, ka ajiye can sama inda hannun yara ba ya kaiwa, kuma kada ya zama kwalbar lemo ko ta ruwan sha, domin yaro mai ƙishi ba ya tambaya. Bayan kwana biyu dattin zai kwanta a ƙasa, na saman ya tace, ka tsiyaye shi ka yi wankin mako mai zuwa da shi. Guntun taɓon da ya rage ka kai gareji a haɗa da man juyen da suke tarawa.